Mai Kunne da Jif ɗin Auta

A garejin da ke bayan tsohuwar tashar mota babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Mai Kunne ake ce masa tun yana da baƙin gashi. Bakanike ne, amma abin da ya fitar da shi daban shi ne duba tsohuwar mota ga mai son saye. Sai a kawo masa mota an wanke ta fes, an goge tayoyi suna ƙyalli, dillali yana ta zuba, shi kuwa ya ce a tayar kawai. Ya karkata kai, ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi, can ya ce a kashe. Daga nan ya faɗa wa mai saye abin da zai same shi nan da wata uku. Dillalai ba sa son ganinsa, amma in ƙanin ɗayansu zai sayi mota, wurinsa ake turo shi.

Shekara talatin da shida ya yi a rumfa ɗaya, mai gyaran bodi na dukan ƙarfe a hagunsa, janaretan mai walda na ruri a damansa. Kunnen hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Lokacin da matarsa take da rai abin bai fito fili ba. In baƙo ya yi magana, sai ta juyo ta maimaita masa kamar tana neman ra'ayinsa, babu wanda ya taɓa ganewa. Bayan rasuwarta gidan ya yi shiru iri biyu. 'Ya'yansa maza biyu suna aiki a wani gari mai nisa, suna kiransa a waya duk mako, shi kuma ya riƙe wayar yana cewa, "To, to, madalla," har sai ya ga hasken fuskarta ya nuna an kashe.

Ya je asibiti sau ɗaya ba tare da ya gaya wa kowa ba. Likita ya ce jijiyar ce ta gaji, ya ba shi wata 'yar na'ura ta saƙalawa. Kwana uku ya yi da ita. Takan kawo masa ƙarar guduma har cikin ƙwaƙwalwa, maganar mutane kuma ta zo a dagule, sai ya naɗe ta a tsumma ya jefa cikin akwatin sifanu.

A gareji ya koyi dabaru. Da rana in an zauna cin abinci a ƙarƙashin bishiya, mai fenti ne ke riƙe da hira, mutum ne mai ban dariya. Mai Kunne yakan zuba wa bakinsa ido, in ya ga kafaɗun mutane sun fara rawa shi ma ya yi dariya. Wani lokaci dariyarsa takan zo a makare. Daga baya ya fara cewa aiki ya yi masa yawa, ya riƙa cin nasa a rumfa, a kan tsohuwar kujerar mota. Duba motoci kuwa bai daina ba. Yana da ido, yana da hanci, yana da tafin hannu, kuma yawancin motocin da ake kawowa cutarsu a bayyane take.

Wata safiya, gab da faɗuwar damina, 'yar ƙanwarsa ta zo. Auta ce a ɗakinsu, ungozoma a babban asibiti, shi ya riƙe ta shekara huɗu bayan rasuwar uwarta. Ta tsugunna ta gaishe shi, sannan ta zauna a kan taya tana fuskantarsa. Muryarta siririya ce, irin wadda ta fi ɓace masa, amma tana buɗe baki sosai in tana magana.

"Kawu, an mayar da ni wani ƙaramin asibiti a bayan duwatsu. Ƙauyuka goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinsa, kuma babu motar asibiti. In ruwa ya sauka babu abin da ke shiga sai jif."

"Jif kike so ki saya?"

"Tsohuwa. Abin da na tara ba zai kai ga ta yayi ba. An nuna mini wata a wurin wani dattijo, ta girme ni da shekara biyu. Abokan aikina suna ta yi mini dariya, wai zan auri kakana."

"In kakan yana da ƙashi mai kyau ai ba laifi," ya ce. "Waɗancan na da, ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a ciki. Ko a daji ta tsaya, mai sifana biyu zai tashe ta. Amma sai an gani. Tsufa iri-iri ne."

"Shi ya sa na zo. In ba ka ce e ba, ba zan taɓa ta ba."

A nan ya kamata ya faɗa mata. Ya buɗe baki ma, sai ya ga yadda take dubansa, irin duban da take yi masa tun tana 'yar makaranta in ya gyara mata keke. Ya miƙe ya ɗauki tocila da doguwar sukundireba.

Mai motar tsohon mai haƙa rijiyoyin burtsatse ne, ya yi ritaya. Gidansa a ƙarshen wani layi yake, da ƙofar ƙarfe mai tsatsa. Ya fito yana dogara sanda, ya ja tamfol da hannu ɗaya. Jif ɗin fara ce a da, yanzu ta koma kalar haƙorin tsoho. Gaba yana da lotsawa, kujerar direba an ɗinke ta da zaren buhu.

"Ba don ta gaza zan rabu da ita ba," in ji dattijon. "Gwiwata ce ta daina taka kuloci. Shekara biyu ke nan sai dai in tayar da ita duk mako ta yi ɗumi, in kashe. Yarana sun ce ba su san inda za su kai wannan akwala ba."

Mai Kunne ya kama rabin maganar, ya gyaɗa kai. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi. Ya bi ƙarfen gindin motar da tocila daga gaba har baya, yana ƙwanƙwasawa yana duba ko tsatsa za ta zubo, babu walda ko ɗaya. Ya kama furofela ta baya ya girgiza, ya kama ta gaba, wadda ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, ita ma ya girgiza. Duk a ɗaure suke tam. Ya fito ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya murza a yatsa, ya shinshina. Ya buɗe lagireto ya leƙa. Da aka tayar, ya tsaya a baya yana kallon salansa, hayaƙin ya yi baƙi sau ɗaya ya washe. Ya dafa inji da tafin hannu, sannan ya kafa bakin sukundireba a jikinsa, ya danna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa. Ta nan bugun injin yakan iso masa. Yana tafiya daidai, babu tsalle.

Sai ya karkata kai ya lumshe ido kamar yadda ya saba, don Auta tana kallo. Abin da yake ji bai wuce wani gunji mai nisa ba, kamar ruwan sama a wata unguwa.

Suka fita gwaji, Auta na tuƙi, shi a gefenta, dattijon a baya. A kan kwalta motar ba ta ja gefe, birki ya kama, giya na shiga ba gardama. Ya ce ta sauka wani fili mai yashi a bayan makaranta, ya nuna mata ƙaramin sandan giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Ta ja shi, suka shiga yashin a hankali. A nan ne ya ga Auta ta ɗan karkata kai wajen ƙasa. Ta madubi ya ga dattijon shi ma ya sunkuya, kamar mai neman abin da ya faɗi. Sannan Auta ta juyo ta dube shi.

Ya danna tafin ƙafarsa a ƙasan motar, ya dafa sandan giya. Bai ji komai ba sai rawar da kowace jif ke yi. Ya zuba ido gaba, fuskarsa ba ta motsa ba. Auta ta mayar da kanta kan hanya.

"Ya ka gani, Kawu?" ta tambaya da suka dawo.

"Ki saya. Ki sauya tayoyin baya da batir. Wannan za ta kai ki ta dawo da ke."

Dattijon ya shafa bonet sau biyu kafin ya miƙa mukulli. Bayan kwana goma Auta ta loda katifa da akwatuna da tukunyar gas, ta biyo ta gareji ta yi masa sallama. Ya ga hannunta ya danna tsakiyar sitiyari, ya ɗaga mata hannu.

Ruwa ya sauka a makon da ya biyo baya. Mai Kunne yakan koma gida da yamma, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana kallon ruwa na zuba daga indararo, abin da ke dawo masa kullum shi ne kawunan nan biyu da suka sunkuya a lokaci ɗaya. Me suka ji? Ya jera abubuwan da ke iya kuka in an sa tayoyi huɗu, ya cire waɗanda da hannunsa ya ji su. Ya sake jerawa washegari. Wata rana yana tsakiyar ɗaure birkin wata mota ya tsaya da sifana a hannu. Motar da ta shekara biyu a tsaye, giris ɗin da ke cikin kuros, wato mahaɗin nan mai kamar gicciye da ke juya furofela, yana iya bushewa ya kame. In ya kame ba ya girgiza ko an girgiza shi, kuka kawai yake yi siriri kamar tsuntsu. Ranar da ya gaji kuma sai ya tsinke, kuma ba ya tsinkewa sai inda ake tsananin buƙatarsa, a tsakiyar rafi ko a hawan dutse.

Auta ta kira shi sau biyu a cikin watan. Ya ce, "To, to, madalla." Ya so ya tambaye ta, amma ko ta amsa ba zai ji ba. Ya fara rubuta mata saƙo sau uku yana gogewa, domin duk yadda ya juya maganar sai ta kai ga tambayar da ba ya so, wato me ya sa bai faɗa ba tun ranar.

Ya koma gidan dattijon. Ya daɗe yana buga ƙofar ƙarfen kafin wata maƙwabciya ta leƙo ta yi masa bayani mai tsawo. Daga hannunta da take nunawa nesa ya gane yaran dattijon sun zo sun tafi da shi. Ta ramin ƙofa ya hango tamfol a ninke a inda motar take tsayawa.

Washegari ya sayi kuros biyu da boris da gwangwanin giris, ya zuba a jaka tare da guduma da sifanu. Ya ce wa mai fenti zai yi tafiyar kwana uku. Bas ta kai shi inda kwalta ta ƙare, ya kwana a wani ɗakin haya kusa da tasha. Da safe ya hau bayan motar kaya tare da mata masu buhuna. Hanyar laka ce ja, sun sauka sau uku sun tura. A wani rafi ya ga wata motar kaya a kwance a gefe, ruwa na bi ta tagoginta. Mutanen da ke tare da shi suna ta nunawa suna magana. Ya ƙanƙame jakarsa.

Asibitin ɗaki uku ne da baranda, da tankin ruwa a kan ƙarafa, da farantan sola a rufi. Jif ba ta nan, sai sawun tayoyinta. Maigadin, wani dogon tsoho mai hular ulu, ya ba shi benci da ruwa a kofi, ya zauna kusa da shi ya kama labari. Mai Kunne ya tsinci "malama" da "tun safe" da "haihuwa". Sauran ya bi da gyaɗa kai. Ya zauna a wurin tun kafin rana ta take har inuwar tankin ta kai bakin baranda, idonsa a kan inda hanya ta ɓullo daga bayan dutse.

Maigadin ne ya fara miƙewa, ya nuna hanya da baki. Sai can jif ɗin ta bayyana, laka har gilashi. Auta ta sauko da takalman roba, idanunta sun faɗa don gajiya. Da ta gan shi ta tsaya cak.

"Kawu, lafiya? Wani ne ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Zo mu zauna, ki fuskance ni."

Suka zauna a kan bencin. Ya ɗora jakar a cinya.

"Ranar da muka gwada motar nan a yashi, kin ji wani abu."

"E, wani ɗan kuka, tsiyau-tsiyau. Har yanzu tana yi in na sa tayoyi huɗu. Ya ma ƙaru."

"Ni ban ji ba. Ba na ji, Auta. Ya fi shekara uku. Maganarki ma a bakinki nake karanta ta."

Ta gyara zama ta fuskance shi sosai.

"Na san kunnen ya yi nauyi," ta ce a hankali, tana buɗe baki. "Ban san ya kai haka ba. Ranar na dube ka, na ga ko gezau ba ka yi ba, sai na ce a raina tunda Kawu bai ce komai ba, ba komai ba ne." Ta juya ta kalli motar, ta sake juyowa don ya ga bakinta. "Yau da mace na haye rafin nan, jini na zuba, mijinta na riƙe da ledar ƙarin ruwa. Sau tara ke nan ina haye shi da mutane."

Ta tashi ta shiga ciki. Ya zauna yana kallon lakar da ke ɗiga daga ƙarƙashin jif ɗin. Maigadin ya dube shi, ya dubi ƙofa, ya ja bencinsa can gefe.

Ta fi rabin awa kafin ta fito, ta wanke fuska, da kofin shayi biyu a hannu. Ta miƙa masa ɗaya.

"Sha, sannan ka gaya mini abin da zan yi."

Suka shiga motar, ya ce ta sa tayoyi huɗu ta tafi a hankali a filin bayan asibiti, duk lokacin da ta ji kukan ta buga masa yatsa a hannu. Ta fara bugawa. Ya ce ta ƙara gudu, bugun ya ƙaru. Ya ce ta taka kuloci ta bar motar ta gangara, bugun bai tsaya ba. Ya ce ta murza sitiyari hagu da dama, babu bambanci. Ya leƙa ta taga yana kallon juyin taya yana lissafa bugun yatsanta, wajen huɗu a kowane juyi.

"Tsaya. Furofelar gaba ce."

Maigadi ya kawo bokitin ruwa suka wanke lakar. Mai Kunne ya kwanta a kan buhu ya kwance ƙusoshi takwas, ya fito da furofelar ya ɗora a kan kututture. Kuros ɗin ya ƙi lanƙwasuwa ko da hannu biyu. Da ya buge shi da guduma ya fita, sai wani jan gari kamar barkono ya zubo a tafinsa, 'yan allurorin ƙarfen da ke ciki sun niƙe. Ɗaya daga ƙafafun gicciyen ya cinye har rabi. Ya miƙa mata ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Da saura kwana nawa?" ta tambaya, bayan ta taɓa kafaɗarsa ya dubo.

"Ban sani ba. Wata ɗaya, ko gobe."

Ya sa sabo, ya sauya na ɗaya bakin ma, ya cika su da giris. Ya nuna mata 'yan kawunan da ake ɗura giris ta cikinsu, guda shida, ya sa ta kwanta ta ɗura da hannunta, ya ce duk ranar da ta shiga ruwa mai zurfi ta yi haka. Kafin rana ta faɗi suka sake zagaya filin. Hannunta yana kan sitiyari, bai tashi ba.

"Shiru," ta ce.

Ya bi sauran motar da tocila. Wata guda a wannan hanya, ba ta zubar da mai ba, ba ta ci ruwa ba, ƙarfen gindinta ko tsagewa.

"Motar kirki ce," ya ce. "A nan ban yi miki ƙarya ba."

Da safe ta ce ya zauna mako guda ya huta, akwai ɗaki. Ta ce akwai likitan kunne da ta sani, na'urorin yanzu ba irin na da ba ne. Ya ce zai duba. Ta ce daga yau ba za ta ƙara kiransa ba, rubutu za ta riƙa yi, kuma in bai amsa ba za ta haɗa shi da yayyenta, 'ya'yansa maza. Ta kai shi har bakin kwalta da kanta. A hanya ba su yi magana ba, domin idonta na kan laka, ba ta iya juyowa.

Kwana biyu da komawarsa wani malamin makaranta ya zo gareji da dillali da wata ƙaramar mota ja. Mai Kunne ya goge hannu, ya kira mai fenti ya tsaya kusa.

"Malam, zan duba maka ƙasa da inji da mai da hayaƙi. Amma kunnena ya mutu, ba na jin kukan mota. Sai ka samo wanda zai saurara maka."

Dillalin ya yi murmushi. Malamin ya yi 'yan kame-kame, ya yi godiya, suka shiga motar suka tafi garejin gaba. Mai fenti ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya matso daf da fuskarsa ya ce, "Ai mun daɗe da sani. Mun ga ba ka so a sani ne." Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai aka kira shi daga rumfarsa.

Masu kawo duba mota suka ragu, daga baya suka ɗauke. Ya koma gyaran birki da giya da ƙafafun mota, aikin da hannu ke gani. Sunan dai bai canza ba, har sababbin zuwa Mai Kunne suke ce masa, ba su san dalili ba. Jif ɗin ta yi wa Auta damina biyar a bayan duwatsu, kuloci kawai aka sauya mata da famfon ruwa. Da aka mayar da Auta gari, ungozomar da ta gaje ta ita ce ta sayi motar.